Ku Zo Ku Rera Masa Tun Yana Ji

Mai girma shugaban taro, Fasto babanmu cikin Ubangiji, dattawan ikkilisiya, shugabar zumuntar mata, ƙungiyar mawaƙa da ke zaune can hagu inda kuka saba, matasa, iyayena da 'yan'uwana maza da mata, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu.

Na gode da aka ba ni dama, ko da yake ba a sa ni cikin masu magana ba, ni ce na ɗaga hannu na ƙi saukewa. Ga wanda bai san ni ba, ni ce matar Malamin Waƙa, kafintan da ya ƙera bencinan da kuke zaune a kai, wanda a kansa aka kira wannan taro. Ina godiya ga waɗanda suka kai mu asibiti da motarsu, da waɗanda suka yi mana wanki, da waɗanda suka kawo abinci ba su tsaya jiran a gode musu ba. Allah ya gani, ni ma na gani. Amma ba godiya kaɗai ta tashe ni ba. Raina a ɓace yake, kuma yau ba zan rufe shi da murmushi ba.

Tun da aka buɗe taron nan nake zaune ina ji: a mayar da shi asibiti, a ƙara kwanakin azumi, a ɗauko wani mai addu'a daga nesa. Kowa ya faɗi abin da za a yi da mijina, ba wanda ya tambayi abin da mijina yake so. To ku saurara.

Na farko, mijina yana mutuwa. Ga shi nan, na ji an fara "Allah ya kiyaye." Ku sauke hannayenku, ba saɓo na yi ba. Likita ta zaunar da mu, ni da shi da 'yarmu, ta ce ciwon dajin ya bar hanji ya kama hanta, maganin da ya rage ba warkarwa zai yi ba, amai da wahala kawai zai ƙara masa. Shi da bakinsa ya tambaye ta, "Likita, in na daure na ci gaba, zan tashi?" Ta ce masa a'a. Ya dubi hannayensa da allura ta gama da su har ba a samun jijiya, ya ce, "To ku kai ni ɗakina." Da hankalinsa ya faɗa, ba wanda ya sa masa magana a baki. Muka matsar da gadon bakin taga inda yake hango rumfar aikinsa, ya ce madalla.

Ƙanin maigidana, ga ka can kana kallon ƙasa. Kai ne ka tsaya a ƙofar ɗakin ka ce mini, "Kin gaji da jinya ne, shi ya sa kika kwaso shi." Ni? Ni da nake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ni da nake ɗiga masa ruwa da cokali? Haba! Na gaji, ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba, amma da gajiyata za ta sayo masa rai, da na ci gaba da gajiya har ƙarshen nawa ran. Na san zafin rabuwa ne ya sa ka faɗa. Amma yayanka ya ji ka.

Na biyu, ku daina toshe masa baki. Mutum yana so ya yi sallama, kun hana shi. Ya buɗe baki ya ce, "In na tafi," sai ɗaki ya ɗauka, "Mun ƙi! Mun soke! Ba za ka mutu ba!" Ku cika ɗaki, ku yi ta ihu a kansa har gumi ya karyo muku, ku fita kuna jin kun yi aikin Allah, shi kuwa ku bar shi da maganarsa a ciki. Wata daga cikinmu, ba zan nuna ta ba, ta san kanta, ta ɗauke kwalbar maganin rage zafi ta sa a jakarta, wai yana sa shi barci ba ya amsa Amin. Na dawo daga kasuwa na tarar da dattijo yana cizon zanen gado. Wannan ce bangaskiya? Ku gaya mini, wannan ce? Ubangijinmu da kansa ya faɗa wa almajiransa zai mutu, kuma kun san yadda ya tsawata wa wanda ya ce masa kada haka ta faru. Mu da muke wa'azin tashin matattu kowace Lahadi, mu ne kalmar mutuwa take firgita mu haka? Ban ce Allah ba zai iya warkar da shi ba. In ya ga dama, ya san hanyar gidanmu, ba sai an yi masa ihu ba.

Na uku, kuma shi ne ainihin abin da ya kawo ni. Mawaƙa, ku ɗago ku dube ni. Akwai waƙar da ya tsara lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, ya koya muku ita baiti baiti, kun rera ta a bakin kabarin iyayen kusan kowa da ke nan. Abu ɗaya ya roƙa, ku zo ku rera masa ita ya ji. Na aiko 'yarmu, kuka ce mata waƙar jana'iza ce, ba a yi wa mai rai, kiran mutuwa ne. Kuka ce za ku zo da waƙoƙin nasara. Yarinya ta dawo tana kuka, ta rasa yadda za ta gaya wa ubanta.

Kun san abin da ya ce? Murya ta riga ta shige, sai da na kai kunnena bakinsa. Ya ce, "Masu ƙaramar murya kullum sai sun ja baiti na uku. In suna yi a kaina ina cikin akwati, ta yaya zan gyara musu?" Yana dariya, ni ina share hawaye. Mutumin nan ba tsoro yake ji ba, ku ne kuke ji. Har yanzu in ya farka, yatsansa yana buga ƙarfen gado yana riƙe lokaci, shi kaɗai, ba masu amsawa. Ya tara ku kuna yara ba ku san inda ake shaƙar numfashi ba, ya rufe rumfarsa da wuri saboda ku, ya bar aikin mutane yana jira saboda ku. Yau ya nemi waƙa ɗaya, tasa ma, kun ce a'a.

Na san abin da za ku yi. Ranar da ya cika za ku guge rigunanku, ku jeru, ku rera ta da dukan ƙarfinku, jama'a su ce kai, mawaƙa sun yi ƙoƙari. To ku ji da kyau, a gaban Fasto da dattawa nake faɗa: wanda bai rera masa yana ji ba, kada ya buɗe baki a bakin kabarinsa. Ni zan tsaya a wurin, kuma kun san halina.

Likita ba ta ba mu ranar ba, amma ya daina karɓar abinci, barcinsa ya fi farkawarsa yawa. Da yamma yake ɗan buɗe ido. Yau da yamma ƙofarmu a buɗe take. Ku zo ba ganga, ba ihu, ku tsaya gefen taga ku yi masa a hankali. In ya ɗaga yatsa ku tsaya, ku sake baiti na uku.

In kuma ba ku zo ba, ni zan rera masa. Tsofaffin cikinku sun tuna, ni ce wadda ya cire daga ƙungiyar mawaƙa tun kafin ya aure ni, ya ce, "Ke dai ki riƙa tafi, ya fi miki." Mutumin da ya ba da ransa ga gyaran muryoyi, muryata ce za ta zama ta ƙarshe a kunnensa. Ni ba zan ji kunya ba. Kunyar taku ce.

Ubangiji ya ba Fasto da dattawa hikima. Ya ba ƙanin maigidana ƙarfin zuwa ya zauna kusa da yayansa ya yi shiru ya saurara. Ya cire mana tsoron abin da muka ce mun gaskata. Ya ba kowane ɗayanku, ranar da tasa ta zo, wanda zai bar shi ya gama maganarsa. Ya sauƙaƙa wa mijina hanya, ya bar masa kunnensa har yamma ta yi.

Zan koma, na bar 'yarmu ita kaɗai da shi. Na gode.