Iccen da na dasa tsakanin gidajenmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Isuhu daga Ƙonni.

Maƙwabcina Alhaji Bello mutumen Sakkwato ne, kullum muna barkwanci. Ina ce mishi ƙasarmu ta riga tasu samun 'yanci, shi ko ya ce bikinmu ginar rami ne kawai. Ran ukku ga Agusta, ranar bikin 'yancinmu da 'yan Nijar ke dasa icce, na dasa dogon yaro tsakanin gidajenmu. Da ya gani sai ya tumɓuke shi, wai iyaka nake sakawa in ci mishi fili. Har gaisuwata ya bar amsawa.

Ga bikinsu na ɗaya ga Oktoba ya matso, kuma kowace shekara gidansa muke cin shinkafa. Jama'a, in tahi ko in zamna? Ramin na nan, ban cike shi ba.