Kurtu Mai Son Busa Ƙaho

A ɗakin jira na asibitin bariki, wani kurtu ya zauna kusa da wani tsoho, hankalinsa na can waje.

"Baba, so nake a mayar da ni cikin 'yan badujala kafin mu gama horo."

"Bindigar ce ta yi maka nauyi, ɗana?"

"Ko kaɗan. In zan harba ne nake rufe ido, Saje har ya gaji da zagina. Amma in aka busa ƙahon asuba, sai in ji kamar ina shawagi a sama. Mai busa ko ya rufe ido, ba wanda zai faɗi."

Tsohon ya shafa leɓensa.

"Ƙahon na busa har na yi ritaya. Ni ma ido rufe."

"Don daɗi, ko?"

"Don kada in ga uwayen waɗanda ake binnewa."