Kwanon Madam Ngozi Ya Dawo a Rufe

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Binta, Maman Sadiya, daga Zaitawa.

Mu iyayen layinmu mun haɗa kai da wata tsohuwar nas daga Sabon Gari, Madam Ngozi. Duk Asabar tana koya wa yaranmu karatu a zauren Alhaji Modu, ta duba lafiyarsu, mu kuma mu kai mata abinci gida-gida, bi da bi. Ita ce ta gano cewa Sadiya, da ake kira daƙiƙiya a makaranta, allo ne kawai ba ta gani.

Sai bama-bamai suka fara tashi, aka sa dokar hana fita. Da aka sassauta, ranar tuwona ce. Na aiki Sadiya da kwano, ta dawo da shi a rufe tana kuka, ta ce, "Umma, wai sun koma garinsu." Ko sallama ba mu yi ba.

Malam, don Allah duk wanda ya san inda take ya faɗa mata mun saya wa Sadiya tabarau. Wannan wasiƙar ma ita ta rubuta.