Ciyawa Mai Gashi-gashi

Ruwa na ɗiga daga bokitin da matar ta rungume a bencin tasha, yana jiƙa takalmin mutumin da ke gefenta.

Ya janye ƙafa ya ce, "Baiwar Allah, hutu za ki ko gona?"

"Hutu, tunda sanyi ya yi sauƙi. Shukata ce ba na bari a gida. Bara na ce maigida ya cire ciyawa, na dawo na tarar ciyawar kaɗai ya bari."

Mutumin ya yi dariya har da dukan cinya. "Wasu mazan sai addu'a! Ni ɗazu, uwar yara na haɗa kaya, na gyara mata lambunta tsaf, ba ta ma sani ba. Wata ciyawa ce siririya mai gashi-gashi, a jere kamar an shuka."

Matar ta ɗaga zanin da ya rufe bokitin. "Irin wannan?"

"Ita ce! Ke ma ta addabe ki?"

"Karas ne, malam."

Ya leƙa bokitin, ya hango matarsa tana zaunar da yara a mota cikin fara'a. Ya miƙe a hankali, ya nufi rumfar mai sayar da iri.