Sabuwar Fata a Shagon Atamfa

Fibi na duba yadi a wani shago a kasuwar Taminus ta Jos, sai wata mata da ba ta sani ba ta cafke hannunta tana dariya.

"Baiwar Allah, irin zanin jikinki nake nema! Zai dace da sabuwar fatata."

"Sabuwa? Madam, a wane layi ake sayar da fata?" Fibi ma ta ƙyalƙyale.

"Jiƙon wani mai magani ne a unguwar Rikkos! Ko man bilicin ban shafa ba. Tumbi ya tafi, ga haske kamar an kunna min fitila. Maigida har ya daina fita hira!"

"Kai! Ni ma ki kai ni!"

Matar ta cire baƙin tabaraunta don ta kwatanta mata hanya. Dariyar Fibi ta ɗauke, domin farin idon matar ya koma ruwan ɗorawa.

"Fitsarinki ya yi kamar shayi?"

"Ai ya ce datti ne ke fita."

"Shawara ce, hantarki ta taɓu. Ki ɗauki kwalbar jiƙon ki tafi asibiti yau."

"Haba! Har kin fara hassada?"

Fibi ta shafa zaninta. "Na marigayiya yayata ne. Ita ma don sabon haskenta ta saye shi. Ba ta samu ta ɗaura ba."