Kada Mu Kai wa Baba Njidda Kyauta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban ƙungiyarmu ta maɗinkan unguwar Briqueterie a nan Yawunde, Alhaji Abdulgaffar Babba. Malam Liman, Allah ya ƙara sani. Wakilin mai unguwa. Iyayenmu dattawan sana'a da suka tako daga unguwannin Ekoudou da Elig-Edzoa cikin wannan ruwa. Iyaye mata da 'yan'uwa mata masu keken ɗinki. Ƙanwata Mu'mina, 'yar Baba Njidda, da ke zaune a madadin gidansu. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, ina godiya ga kowa da ya rufe shagonsa ya bar ɗinkin mutane a kan keke ya zo. Ga wanda bai san ni ba, sunana Mijinyawa Gali. Shekarata talatin da ɗaya ina taka keke, tara daga ciki a ƙarƙashin hannun Baba Njidda na yi su. Ni ba gwanin magana ba ne. Tsoro nake ji, gaskiyar magana ke nan.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Baba Njidda, wanda rabin mutanen ɗakin nan shi ya koya musu riƙon almakashi, yana kwance a gida da ciwon baya. Mu'mina ta kai shi asibiti, likita ya ba shi magani, ya koya masa motsa jiki, ya ce a canza masa shimfiɗa, sannan ya ɗiba masa mako shida. In ya koma bai samu sauƙi ba, sai maganar tiyata. Mako biyu sun riga sun wuce. Baba shekararsa saba'in da shida, jama'a. Duk lokacin da na tuna tsohon nan a ƙarƙashin wuƙa, sai abinci ya fita raina.

Ƙungiya ta yi abin kirki, ta ce ita za ta saya masa katifa, kuma abin da aka tara ya isa, wannan ba shi ne ya tashe ni tsaye ba. Abin da ya tashe ni shi ne zaɓin. Ɗan'uwana Khalifa, shugaban kwamitin sayen katifar, ya zaɓo wata doguwar katifar soso mai laushin tsiya, ya ce girman Baba ya wuce a kai masa abin da bai kai gwiwa ba. Ɗan'uwana Gajere kuma ya tsaya kai da fata, ya ce mai ciwon baya ba shi da magani sai tauri, a nemo wadda ko an buga mata guduma ba za ta lotsa ba. Dukansu biyu ƙaunar Baba ce ta sa su magana, ba na shakka. Amma bari in tambaye su a gaban jama'a: Khalifa, ka kwanta a kan taka? Gajere, kai fa? Ga shi nan, duk sun sunkuyar da kai. Babu wanda ya kwanta. Da babban yatsa suka danna, kamar masu sayen mangwaro.

Ban faɗi haka don in ci musu fuska ba, domin ni na riga su yin wannan kuskure, kuma nawa ya fi nasu muni. Ku ba ni aron kunnuwanku.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, bayan wata babbar salla da Allah ya buɗa mini, na ce bari in faranta wa mahaifiyata, Inna Zinariya, Allah ya jiƙanta. Na shiga shago da babbar rigata, na ce a nuna mini wadda ta fi kowace tsawo da laushi. Mai shagon ya ce, "Alhaji, kwanta mana ka ji." Na ce, "Ni? A bakin titi, mutane na wucewa? Allah ya kiyaye!" Na danna da yatsa, yatsana ya nutse, na ce ita ce. Da muka shigo da ita lungunmu sai da aka karkata ta, mata na leƙowa, ana ta sa mini albarka, ni kuwa kaina ya yi girma.

Na ce, "Inna, ta yi?" Ta ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Wata ɗaya, wata biyu, na ga tana dafa bango in za ta miƙe. Na sake tambaya, ta ce tsufa ne. Aka kai wata takwas, ta koma yin salla a zaune, ta ce gwiwa ce. Kun san ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta taɓa kira ba, balle ta dubi idona ta ce abin da na kawo bai yi ba.

Wata safiya na shiga gaisuwa da wuri fiye da yadda na saba. Gadon yana nan a gyare tsaf, ko lanƙwasa babu a zanensa. Inna kuwa tana kwance a ƙasa, a kan tabarma, a kan sumuntin nan namu mai sanyi da damshi. Ashe katifar ta daɗe da gagarar ta. In ta hau sai ƙugunta ya nutse, ta kasa juyawa, ta kasa tashi. In ta sauko ƙasa kuma, taurin ya ci mata kafaɗa da kwatangwalo. Kullum kafin in zo sai ta naɗe tabarmar ta tura ƙarƙashin gado. Na ce, "Inna, don Allah me ya hana ki faɗa mini?" Ta juya fuskarta bango ta ce, "Yaro ya yi abin arziki, sai in tsinka shi?"

Na canza mata, amma a makare. Ba zan ce katifa ce kaɗai ta yi mata illa ba, ni ba likita ba ne, kuma akwai tsufa. Abin da na sani shi ne, wata takwas mahaifiyata na kwana cikin azaba saboda kyautata, kuma har ta koma ga Allah goshinta bai sake taɓa ƙasa a sujada ba. Wannan abu yana nan a ƙirjina har yau.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nawa ya riga ya ƙone, shi ya sa na tashi.

Magana ta farko, irin katifar. Likita bai bar mu a duhu ba. Mu'mina ta rubuto abin da ya faɗa da Faransanci, mi-ferme, wato tsaka-tsaki: kada ta yi laushin da jiki zai nutse, kada ta yi taurin da za ta ƙi karɓar jiki. Makon nan na zaga shaguna huɗu ina tambaya kamar mai neman ɓataccen akuya. Wadda na ga ta fi kusa da maganar likita ita ce ruwa biyu: ƙasanta sifirin ne na ƙarfe, kowane a cikin 'yar jakarsa, samanta kuma soso. Ƙarfen ya tallafi ƙugu, soson ya karɓi kafaɗa, iska kuma ta samu hanyar ratsawa, abin da ɗakunanmu na Yawunde ke bukata da damina. Khalifa, ga laushinka a sama. Gajere, ga taurinka a ƙasa. Kowa ya samu rabonsa, sai a daina harare-harare.

Magana ta biyu, kuma nan ne kunya ke kama ni a matsayina na tela. Jama'a, wane ne a cikinmu ya taɓa yanka shaddar mutum ba tare da awo ba? Wane ne ya taɓa sallamar riga ba a gwada ba? Rigar da za a sa wuni ɗaya a cire, mu auna wuya, mu auna kafaɗa, mu auna hannu. Amma abin da mutum zai ɗora bayansa a kai shekara da shekaru, sai mu danna da yatsa mu ce ya yi. Yatsa ne zai kwana a kai? Tsaka-tsakin mai ƙiba ba shi ne na siriri ba, kuma Baba duk kun san shi, iska mai ƙarfi ma sai ta nemi ɗaukar sa. Dole bayansa ne zai yi hukunci. Ya kwanta rigingine, a zura hannu ƙarƙashin ƙugunsa: in hannu ya wuce salin-alin, ta yi tauri, in ya ƙi shiga sam, ya nutse ke nan. Ya juya gefe, a dubi gadon bayansa ko ya miƙe. Kuma ba sama-sama ba, ya daɗe a kai kamar tsawon shan shayi zagaye biyu. Jiki magayi.

Akwai kuma abin da ba wanda ya tuna, bakin katifar da tsawonta. Baba zai zauna a baki, ya sauke ƙafa, ya miƙe ya je alwala. In bakin ya lotse, zai zame. In ta yi tsawon da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, zai dira, kuma mai ciwon baya ba ya dira. Don haka Khalifa, ka yi haƙuri, wannan bene da ka zaɓo sai an haɗa masa da tsani. Sannan don girman Allah a cire leda! Mun saba barin leda a jikin katifa shekara uku don baƙo ya san sabuwa ce, alhali gumi take tarawa, mutum na juyi tana ƙara kamar ana ƙulla soya, tsiren nan namu. Mu'mina, ki duba katakon gadon ma, in akwai wanda ya karye a gyara kafin a ɗora komai.

Wani zai ce, Mijinyawa, katifa ce za ta hana tiyata? Ban ce ba. Waraka ta Allah ce, magani na likita ne. Amma mako huɗun da suka rage, kashi ɗaya cikin uku a kwance Baba zai yi su, ko ma fiye. Wannan kason shi ne a hannunmu, kuma ina tsoron mu ɓata shi da hannunmu.

Yanzu ga magana ta ƙarshe, wadda ta hana ni sukuni. Ko mun kai masa ya gwada, yaya za mu ji gaskiya daga bakinsa? Baba Njidda mutumin da ne, kawaicinsa irin na Inna ne. In muka shiga da katifa muka ce, "Baba, ga kyautar 'ya'yanka," wallahi ko ƙaya ce a ciki zai ce madalla, ya sa mana albarka, mu fito muna murna, shi kuma ya nemi tabarma.

Amma akwai wani Baban, kuma duk mun san shi. Wanda za ka kwana uku kana aikin wuyan riga, ka kai masa, ya ɗaga ta sama, ya karkata kai, ya ce, "Wannan ɗinki ne ko tafiyar kaza?" ya sa reza ya farke tun daga farko. Alhaji Abdulgaffar, kana dariya, kai ma an farke maka! Mutumin nan bai taɓa ƙin kyauta ba, kuma bai taɓa yi wa aiki kara ba. To, kada mu kai masa kyauta. Mu kai masa aiki.

Ga roƙona. Na yi magana da wani mai shago, ya yarda ya ba mu aron uku, ga su can jingine a baranda: ta Khalifa, ta Gajere, da ruwa biyun da na ambata. Gobe da hantsi mu kai su gidan Baba. Kada kowa ya ce ga tawa, kada a ambaci kalmar kyauta. Mu durƙusa yadda muka saba a shago, mu ce, "Baba, an ba mu aikin zaɓe, mun kasa. Ga shi, ka duba mana." Ba ƙarya a ciki, domin kuwa mun kasa ɗin. Duk wadda ya kushe a fitar da ita, ko da tawa ce. In ya kushe duka ukun, mu koma kasuwa.

Na kuma san abin da zai ce da farko: shi ba zai kwanta a gaban yaransa ba. Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. To, ni zan yi haukan. Shugaba, in ka ba da izini, da an shafa fatiha a shigo da su nan tsakiyar fili. Zan cire hulata, in tuɓe babbar rigar nan, in kwanta a gabanku duka, da furfurata, a gaban surukaina da ke zaune can baya. Ku yi dariya son ranku. Gobe in Baba ya noƙe, sai a ce masa ai Mijinyawa ma ya kwanta a gaban Liman. Kwanciyar da na ƙi yi saboda Inna ke nan, yau zan yi ta.

Ba na roƙon Baba ya sa mana albarka gobe. Roƙona in ji ya ɗaga murya ya ce, "Wane sakarai ne ya zaɓo wannan?" Ranar da na ji haka, hankalina zai kwanta.

Ya Allah, Ka ba Baba Njidda lafiya, Ka raba shi da wuƙar likita, Ka mayar da goshinsa ƙasa a sahun farko inda muka saba ganin sa. Ya Allah, Ka jiƙan iyayenmu da suka haɗiye ciwo don kada su kunyata mu, Ka yafe mana abin da muka yi musu cikin rashin sani, Ka sa kabarinsu ya fi musu kowace shimfiɗa daɗi. Allah ya albarkaci wannan ƙungiya da sana'armu, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu Kamaru lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Khalifa, Gajere, ku zo ku kama mini, ku fara shigo da doguwar.

Na gode.