Shekara Goma da Madogara, Daga Bakin Manomin Tattasai

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakilin Magajin Garin Diffa, malamanmu da masu unguwanni, 'yan kasuwa da manoma, iyayenmu mata, ma'aikatan kamfanin Madogara, da dukkan jama'ar da ta cika wannan rumfa, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Sunana Ari Fannami, manomin tattasai daga bakin kogin Kumadugu. Ina gode wa Allah da ya kawo mu bikin cikar wannan kamfani shekara goma, ina kuma gode wa waɗanda suka zaɓe ni in yi magana da sunan abokan hulɗa, ko da yake sun san Hausata ta kasuwa ce, kuma sun san ba na iya rufa asiri.

Abu na farko shi ne mafari. Yaran yanzu suna ganin biro, wato ofis, mai gilashi, suna tsammanin haka Madogara ya sauko daga sama. Ni na san shi yana tebur ɗaya a lungun shagon Alhaji Tanko, mutumin Damagaram, tsakanin buhunan shinkafa da katan ɗin sabulu. Ɗansa Muzammil, wannan da ke zaune yau da babbar riga, shi ne shugaba, shi ne masinja, shi ne mai shara. Ya tare ni ya ce, "Baba Ari, ɗauki injin ban ruwa yau, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan ta salula." Na ce, "Ɗana, kuɗin da ban taɓa da hannu ba, ta yaya zai san hanyar shagonku?" Sai da na kai takardarsa wurin liman, ya duba ya ce ciniki ne mai farashi tsayayye, babu kuɗin ruwa, sannan na dangwala yatsa. Lambar sirri kuwa, da aka ba ni, na karanto ta da ƙarfi a tsakiyar kasuwa don kada in manta. Uwargidana Habiba ce ta karɓe salular daga ranar, kuma har gobe a hannunta take.

Abu na biyu shi ne shekarar ambaliya, kuma don ita na yarda in tsaya nan. Kogi ya fasa, ya shanye gonaki ana saura mako uku a fara tsinka. Mu ɗari uku muka rasa abin biya. Doka ta ba kamfani damar ƙwace injina, kuma mun ji cewa waɗanda suka zuba jari suna matsa wa Muzammil ya yi hakan. Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗi ba: ni na ɓoye nawa injin a ɗaki, na lulluɓe shi da tabarma, na shirya cewa ruwa ya tafi da shi.

Muzammil ya zo a kwale-kwale, ya riƙe gefensa da hannu biyu, yana karanta duk addu'ar da ya sani, domin mutanen Damagaram ba su saba da ruwan da ya wuce na buta ba. Ya shiga ɗakina gaisuwa, ya zauna daf da tabarmar nan, ga bututun injin ya leƙo waje. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Baba, a fitar da shi ya sha iska, kada ya yi tsatsa. Za ka buƙace shi baɗi, mu ma kuɗinmu sai baɗi." Ban iya ɗaga kai ba. Daga baya muka ji motarsa ya sayar ya biya ma'aikata albashi. Da tattasai ya yi kyau a shekara ta gaba, babu wanda aka aika wa saƙon tuni sau biyu.

Abu na uku shi ne girma. Daga injin ban ruwa aka koma fitilar sola, firiji da keken ɗinki. Daga tebur ɗaya aka buɗe reshe a Maine-Sorowa da Sayam, ma'aikata sun haura arba'in. Malama Bushra, mai kula da na'urori, ta sa salula tana yi mana magana da Barbarci, ko da yake Barbarcin salular irin na Muzammil ne, sai an saurara da haƙuri.

Na ƙarshe roƙo ne. A ƙauyen Yebi akwai manoman da rikici ya raba da gonakinsu da takardunsu, sun iya aiki fiye da ni, amma na'urar kamfani ba ta san su ba, don haka ba a ba su inji. Mu mun san su. Idan shaida kuke nema, ku rubuta sunana a kan mutum goma, na tsaya musu a gaban wannan jama'a.

Allah ya ƙara wa Madogara albarka, ya ba mu ruwa daidai buƙata, ya zaunar da yankinmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.